Taƙaitaccen Tarihin Likita Frantz Fanon

Idan aka yi maganar wariyar launin fata, abin da yakan fara faɗo wa mutum a rai shi ne zaluncin da ido ke gani: a hana baƙar fata shiga makarantar Turawa, a tashe shi daga kujerar gaba cikin mota, a ƙwace masa gona, in ya ɗaga murya a lakaɗa masa duka. Duk an yi wannan a Amurka, an yi a Afirka ta Kudu har zuwa farkon shekarun 1990. Amma akwai wata ɓarna wadda ba ta barin tabo a jiki, watau wadda wariya ke yi wa hankalin mutum. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara bin diddigin wannan ɓarna wani likita ne baƙar fata mai suna Frantz Fanon, wanda shekara 36 kaɗai ya yi a duniya. Tarihinsa nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An haifi Fanon ran 20 ga watan Yuli, 1925, a birnin Fort-de-France, hedkwatar tsibirin Martinik. Wannan tsibiri yana can cikin tekun Karibiyan, kusa da nahiyar Amurka, kuma har yau a hannun Faransa yake. Yawancin mutanensa jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka don noman rake, kuma sai a 1848 Faransa ta soke bauta a can. Mahaifinsa ma'aikacin kwastan ne, mahaifiyarsa tana da kanti, su takwas ne 'ya'yan gidan. Suna da rufin asiri, har suka iya sa shi a babbar makarantar sakandaren tsibirin. Cikin malaman makarantar akwai shahararren marubucin nan Aimé Césaire, wanda ya fito fili yana gaya wa matasa cewa baƙar fata ba abin kunya ba ce.

To, me ya sa har sai an gaya wa mutum haka? Dalili kuwa shi ne, yaro a Martinik yana tashi ne yana ɗaukar kansa Bafaranshe. Littattafan makaranta daga Faransa ake kawo su, tarihin kakannin Faransawa ake koya masa a matsayin nasa. Harshen da talakawa ke yi a gida da kasuwa, watau Kiriyol, an mai da shi harshen ƙauyanci, har iyaye masu ɗan ilmi sukan tsawata wa 'ya'yansu in sun ji suna yin sa. Wanda ya taɓa biyan tara a makaranta don ya yi Hausa a aji, zai ɗan fahimci abin da ake nufi. In yaron ya je silima aka nuna Tarzan, bayan Baturen yake bi, yana ta dariyar mutanen dajin, bai taɓa kawowa a ransa cewa shi ake nufi ba. A ganinsa 'yan Afirka su ne baƙaƙe, shi kuwa Bafaranshe ne wanda rana ta ɗan ƙona. Haka Fanon ya tashi.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya fara buɗe masa ido. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, sai dubban sojojin ruwa na Faransa suka maƙale a tsibirin ƙarƙashin wani hafsa mai suna Robert, suka shiga nuna wa mutanen wurin wulaƙanci iri-iri. Duk da haka Fanon bai fid da rai daga Faransa ba, ya ɗauka waɗannan ɓata-gari ne kawai. A 1943 ya sulale cikin kwale-kwale zuwa tsibirin Dominika don ya shiga rundunar Janar de Gaulle, a 1944 kuma aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Maroko. A barikin nan ya tarar an jera sojoji hawa-hawa bisa launi. Turawa suna sama, 'yan Karibiyan irinsa ana lissafa su kusa da Turawa, sojojin Afirka ta Yamma kuwa, waɗanda ake kira 'yan Senegal ko da daga Nijar ko Mali aka ɗebo su, suna can ƙasa. Har hulunansu ba iri ɗaya ba ne, don kada a yi kuskure. A ƙarshen 1944 ya ji rauni a fagen fama a gabashin Faransa, aka ba shi lambar yabo. A wannan lokacin ne kuma aka janye yawancin sojojin Afirka daga bakin daga aka maye gurbinsu da fararen fata, wai don sanyi ya yi musu yawa. Kafin a gama yaƙi ya rubuta wa iyayensa wasiƙa yana nuna musu cewa an yaudare shi, kuma in ya mutu kada su ɗauka ya mutu a kan wata manufa ta kirki.

Bayan yaƙi ya koma gida ya ƙarasa sakandare, sa'an nan ya tafi birnin Liyon na Faransa ya karanta likitanci, ya zaɓi fannin taɓin hankali. A can ne ya gamu da abin da ya ba da labarinsa a littafinsa na farko, abin da duk mai nazarin Fanon ya sani. Wata rana wani ƙaramin yaro Bature ya gan shi, ya nuna shi da yatsa yana gaya wa uwarsa ga baƙar fata, sa'an nan ya firgita ya ce tsoro yake ji. Ba zagi, ba duka. Amma Fanon ya bayyana cewa a nan take ya ji kamar an tarwatsa shi an sake harhaɗa shi cikin wata siffa dabam. Karatunsa, raunin da ya ji don Faransa, Faransancin da ya fi na yawancin Faransawa kyau, duk sun zube, abin da ya rage fata ce kawai, tare da dukan tatsuniyoyin cin naman mutane da rashin wayewa da aka rataya mata.

Littafin ya fito a 1952, sunansa Peau noire, masques blancs, ma'ana baƙar fata da fararen fuskokin aro. Da farko shi ya yi niyyar miƙawa a matsayin kundin digirinsa, malamansa suka ƙi karɓa, dole ya rubuta wani a kan wata cuta ta jijiyoyi. Abin da ya bayyana a ciki, a taƙaice, shi ne yadda raini ke shiga kan mutum ya zauna. Wanda kullum ake nuna masa cewa launinsa shi ne muni da jahilci, a hankali sai ya yarda. Daga nan ya fara kallon kansa da idon mai raina shi. Kullum yana tsaron harshensa kada ya yi kuskuren nahawu, yana tsaron tafiyarsa da dariyarsa. In likita ne, ya san ranar da ya yi kuskure ɗaya ba shi kaɗai za a zarga ba, za a ce dama haka suke. Mutumin da ke zaune cikin irin wannan ɗar-ɗar dare da rana, ina zai sami barci mai daɗi? Sai fargaba, da baƙin ciki, da fushin da ba shi da mafita, wanda yakan koma kan mai shi ko kan ɗan'uwansa baƙar fata. Wasu kuma sai su shiga neman zama farare ta kowace hanya, ta aure, ta harshe, ta ƙyamar danginsu. Masu shafa man bilicin a garuruwanmu, da za su karanta wannan littafi, da sun ga ashe tun kafin a haife su wani ya san ciwonsu. Fanon ya ba da labarin wani majinyaci da ya yi mafarki ya shiga wani zaure cike da Turawa, da ya duba jikinsa sai ya ga shi ma ya zama fari.

Inda ya bambanta da likitocin zamaninsa shi ne wajen neman asalin cutar. Almajiran Freud, in an kawo musu mai damuwa, sukan tono ƙuruciyarsa da zamansa da iyayensa. Fanon bai yi musun wannan ba, amma ya ce bai isa ba. Ga yaro ya tashi lafiya lau a gida mai kwanciyar hankali, ranar da ya shiga duniyar Turawa sai ya rikice. Ashe ke nan cutar daga waje take, daga tsarin zaman jama'a. Don haka aikin likita biyu ne: ya taimaki majinyaci ya gane inda ciwonsa ya fito, kuma ya ƙarfafa shi ya tunkari tsarin da ya jawo ciwon maimakon ya ci gaba da ƙyamar kansa.

Littafin bai yi kasuwa ba sa'ad da ya fito, amma bincike ya yi ta gaskata shi. Tun a shekarun 1940 wasu masana biyu baƙaƙen fata a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙe 'yartsana biyu, fara da baƙa. Yawancin yaran suka zaɓi farar, suka ce ita ce mai kyau. Kotun Ƙolin Amurka ta ambaci aikin nan a hukuncinta na 1954 wanda ya haramta raba makarantu bisa launi. A Ingila, wani babban bincike da aka buga a 2006 ya nuna cewa baƙaƙen fata 'yan asalin Karibiyan sun ninka fararen Ingilishi kusan sau tara wajen kamuwa da mummunan taɓin hankalin nan mai sa mutum jin muryoyi, alhali binciken da aka yi a Jamaika da Tirinidad da Barbados bai sami irin wannan yawa a can gida ba. Da a jini abin yake, ai da an gan shi a can ma. A 2015 kuma wasu masana suka tattara bincike 293 suka auna, suka tabbatar cewa fuskantar wariya yana tafiya tare da ciwon damuwa da fargaba.

Mu koma ga Fanon. Tun yana Liyon ya lura da leburori 'yan Afirka ta Arewa da ke zuwa asibiti. Mutum ya zo yana riƙe da ciki, a tambaye shi ina ke ciwo, ya ce ko'ina. Likita ya duba bai ga komai ba, sai ya ce ƙarya ce, lalaci ne, ba ya son aiki. Fanon ya rubuta maƙala a 1952 yana cewa ciwon gaskiya ne. Mutum ba iyali, ba ɗaki na kirki, ba mai gaishe shi da mutunci, kullum cikin tsoro, dole jiki ya yi magana. Bayan ya gama karatu ya yi aiki a asibitin Saint-Alban ƙarƙashin wani likita ɗan Sifen mai suna François Tosquelles, wanda ya gudo daga mulkin Franco. Ra'ayin Tosquelles shi ne, asibitin da ke kulle mutane kamar kurkuku shi kansa mara lafiya ne, sai an fara yi masa magani. A wurinsa majinyata suna da ƙungiya, suna buga jarida, suna sana'a, suna zama taro da ma'aikata.

A watan Nuwamba 1953 aka naɗa Fanon ɗaya daga cikin manyan likitocin asibitin masu taɓin hankali na Blida a Aljeriya, wadda a sa'an nan Faransa ke mulki. Abin da ya tarar ya fi wanda ya baro. Akwai wani farfesa a Aljiyas mai suna Antoine Porot wanda ya daɗe yana koya wa ɗaliban likitanci cewa ɗan Afirka ta Arewa, ta halittar ƙwaƙwalwarsa, mutum ne mara zurfin tunani, mai saurin zub da jini. A wannan shekarar ta 1953 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin wani likita, Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya. Shi wannan har kwatanta lafiyayyen ɗan Afirka ya yi da Baturen da aka yi wa tiyata aka yanke masa wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa. Jama'a, ku duba fa, wariya ta shiga har cikin ilmin da ya kamata ya warkar da mutane.

An ba shi kula da mata Turawa 165 da maza Musulmi 220. Ya shigo da tsarin Saint-Alban: taro, silima, jarida, bikin Kirsimati, saƙar kwando. A wajen matan abin ya yi kyau ƙwarai, ɗakin ya yi sanyi, ana ta sallamar waɗanda suka warke. A wajen mazan kuwa ko motsi. Sukan zauna shiru, wasu su juya baya su tafi su kwanta. Da almajirin Porot ne, da sai ya ce to ga shaida. Fanon da mataimakinsa Jacques Azoulay suka zauna suka binciki kansu, suka gane laifin tsarin ne. Yaya za a ba mutumin da bai iya karatun boko ba jarida? Yaya za a sa magidanci saƙar kwando, alhali a garinsu aikin mata ne? Ga shi kuma sai ta bakin tafinta ake magana da su, kamar a kotu ko ofishin 'yan sanda. Sai suka sake lale. Aka buɗe musu wurin shan gahawa irin wanda maza ke taruwa a ƙauyukansu, aka fara bikin Salla, aka riƙa gayyato malami da mai ba da labarai da mawaƙi, aka yi filin ƙwallo. Nan da nan mutanen da aka ce ba su da tunani suka farfaɗo. A ganina wannan shi ne aikinsa mafi kyau, ko da yake ba shi aka fi tunawa ba. Abin sha'awa, a daidai wannan lokaci, cikin 1954, Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara nasa tsarin a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama cikin ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana. Sai dai kada a ɗauka Fanon ya yar da magungunan asibiti. Ya yi amfani da su, har da jona lantarki a kai, kamar sauran likitocin zamaninsa, kuma bai taɓa cewa kowane taɓin hankali wariya ce ta kawo shi ba.

Ran 1 ga Nuwamba 1954 yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya ɓarke. Sojoji da 'yan sandan Faransa suka mai da azabtar da fursunoni abin yau da kullum. Fanon ya sami kansa yana duba waɗanda aka azabtar da kuma masu azabtarwar. Wani ɗan sanda Bature mai shekara 28 ya zo masa yana kukan ba ya barci, ihun mutane yake ji cikin dare, har yakan rufe tagogi cikin zafi ya toshe kunnuwansa da auduga. Wata rana yana jiran likita, ya ɗan zaga harabar asibiti, sai ya yi kiciɓis da wani majinyaci wanda shi da kansa ya taɓa azabtarwa. Aka tsinci ɗan sandan jingine da itace yana rawar jiki, gumi na zuba. Shi kuwa majinyacin, aka yi ta nema, sai a makewayi aka same shi yana ƙoƙarin kashe kansa, ya ɗauka an zo kama shi ne. Wani sufeto kuma, wanda yakan yi awa goma a rana yana azabtar da mutane, ya koma yana dukan matarsa da 'ya'yansa har da jinjiri. Da ya zo, bai nemi barin aikin ba. Abin da ya roƙa shi ne a ba shi maganin da zai sa ya ci gaba da shi hankali kwance. Akwai kuma yara biyu 'yan Aljeriya, mai shekara 13 da mai 14, da suka kashe abokin wasansu Bature wanda bai yi musu komai ba. Hujjarsu ita ce Turawa na kashe Larabawa, su kuwa ba su da ƙarfin kashe manya.

Tun kafin wannan lokaci Fanon yana taimakon ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta FLN a ɓoye, yana ba su mafaka da magani. A ƙarshen 1956 ya rubuta wa ministan Faransa mai mulkin Aljeriya, Robert Lacoste, takardar ajiye aiki. Ya bayyana masa cewa manufar maganin taɓin hankali ita ce a mai da mutum cikin jama'arsa ya daina zama bare, to a ƙasar da aka mai da ɗan ƙasa bare a gidan ubansa, ina za a mai da shi? A watan Janairu 1957 aka kore shi daga Aljeriya. Ya koma Tunis, yana rubutu a jaridar ƙungiyar mai suna El Moudjahid, bai kuma bar likitanci ba. A asibitin Charles-Nicolle ya buɗe sashen da majinyaci ke zuwa da safe ya koma gida da yamma, don kada a raba shi da iyalinsa.

Sauran shekarunsa kaɗan ne, kuma a guje suka wuce. A watan Disamba 1958 ya halarci babban taron al'ummomin Afirka da Kwame Nkrumah ya kira a Akra, a 1960 kuma gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya ta naɗa shi wakilinta a Gana. A wannan shekara ya ratsa Mali a mota, ta Gao har zuwa iyakar Aljeriya cikin Sahara, yana neman hanyar shigar da makamai ta kudu. Da ya dawo Tunis a gajiye aka auna shi, aka tarar yana da sankarar jini. Ya je Mosko neman magani ya ɗan sami sauƙi. Da ya ga lokaci ya ƙure, sai ya zauna cikin 'yan makonni a 1961 yana faɗa ana rubutawa, har ya gama littafinsa na ƙarshe, Les Damnés de la terre, watau wulaƙantattun duniya, wanda Jean-Paul Sartre ya rubuta wa gabatarwa.

Wannan littafi shi ya fi jawo masa suna, shi ya fi jawo masa suka. A babin farko ya nuna cewa mulkin mallaka da ƙarfi ya shigo, da ƙarfi zai fita, har ma yana ganin ɗaukar makami yana wanke wa wanda aka mallaka jin ƙasƙanci. A nan ni kam ban bi shi ba gaba ɗaya, kuma hujjata tana cikin littafin nasa. Babi na biyar cike yake da labaran majinyata, irin su sufeton nan da yaran nan biyu, har da 'yan gwagwarmayar da abin da hannunsu ya aikata ya hana su barci shekara da shekaru. Mutane da yawa sukan karanta babin farko su rufe littafin.

Da ciwo ya tsananta, abokansa suka matsa masa ya tafi Amurka, ƙasar da ba ya ƙauna saboda irin kisan gillar da ake yi wa baƙaƙen fata a can. Ya isa Washinton a watan Oktoba 1961, aka kwantar da shi a asibitin gwamnati na Bethesda. Kafin ya cika an kawo masa littafin ya gani a buge, 'yan sandan Faransa kuwa suka bi kantuna suna kwashe shi. Ya rasu ran 6 ga Disamba 1961. An kai gawarsa Tunis, sa'an nan mayaƙa suka ƙetare iyaka da ita suka binne shi a ƙasar Aljeriya kamar yadda ya yi wasiyya, alhali ana cikin yaƙi. Wata bakwai bayan haka, a Yulin 1962, Aljeriya ta sami 'yanci. Daga baya aka mai da ƙasusuwansa maƙabartar shahidai ta Aïn Kerma a gabashin ƙasar, asibitin Blida kuma aka sa masa sunan Frantz Fanon.